Yadda Ake Tantance Muhalli da Wuraren Al'ada Kafin Gini a Ƙasar Ƙabilun Asali na Amurka

Duk wanda zai gina gidaje, asibiti, hanya ko layin bututun ruwa a ƙasar ɗaya daga cikin ƙabilun asali na Amurka, akwai tambayoyi biyu da zai amsa tun kafin ya kira mai zanen gini. Wane irin fili ne wannan a idon doka? Kuma ta ina hannun gwamnatin tarayya ya shigo cikin aikin? Amsar waɗannan ce ke nuna dokar da za ta hau kansa, ofishin da zai sa hannu, da watannin da zai yi yana jira. Ƙabilun da tarayya ta amince da su sun haura 570, kowacce gwamnati ce mai majalisarta da dokokinta, da yawa har da kotunansu. Don haka abin da ke tafe tsarin gama-gari ne. Dokar ƙabilar da za ka yi aiki a ƙasarta tana iya ƙara maka sharuɗɗa a kansa, kuma sau da yawa takan ƙara.

Fara da takardar fili

A cikin keɓaɓɓen yanki guda, wato yankin da aka ware wa ƙabila, kana iya tarar da fili iri uku gefe da gefe. Akwai ƙasar amana ta ƙabila, wadda sunan gwamnatin Amurka ne a takardarta amma amfaninta na ƙabilar ne. Akwai filin rabo, wanda aka yanka wa ɗaiɗaikun mutane bayan dokar Dawes ta 1887. Shi ma a hannun amana yake, sai dai gado ya yi ta raba shi har fili ɗaya kan samu masu kaso ɗaruruwa. Sai filin mallaka na yau da kullum da ake saye da sayarwa, mai shi ɗan ƙabila ne ko baƙo. Hanya mai tsawon mil uku tana iya ratsa dukkan ukun, kowanne da irin izininsa.

Kada ka dogara da shinge ko da abin da maƙwabta suka faɗa. Ka nemi rahoton matsayin fili daga ofishin rajistar filaye na Hukumar Harkokin Ƙabilun Asali, wadda kowa ke kira BIA, sannan safiyo ya kafa iyakoki a kan wannan rahoton. Idan filin rabo ne za a ba da haya, yardar da ake bukata ta danganta da yawan masu kaso: in ba su wuce 5 ba, sai masu kaso 90 cikin 100 na filin sun yarda, daga 6 zuwa 10, kaso 80, daga 11 zuwa 19, kaso 60, daga 20 zuwa sama, abin da ya haura rabi. Neman sa hannun magada da suka watsu a jihohi daban-daban yakan ci lokaci fiye da binciken muhallin kansa, saboda haka a fara shi tun ranar farko.

Wani abin da ke ruɗa baƙi shi ne dokar adana wuraren tarihi ba ta duba wanda ya mallaki fili. A wajenta duk abin da ke cikin iyakar waje ta keɓaɓɓen yankin ƙasar ƙabila ce, ko da mai filin ba ɗan ƙabilar ba ne.

Ta ina tarayya ta shigo

Manyan dokokin tantancewa biyu, wato NEPA ta muhalli da aka sa wa hannu ranar 1 ga Janairu 1970 da Sashe na 106 na dokar adana wuraren tarihi ta 1966, suna hawa kan hukumomin tarayya ne. Suna tashi idan akwai kuɗin tarayya a aikin, ko lasisinta, ko amincewarta. A ƙasar amana da wuya a kauce wa ɗaya daga cikin ukun, domin haya da izinin ratsa fili galibi sai BIA ta sa hannu. Tun 1972, a shari'ar Davis da Morton kan hayar shekara 99 a ƙasar Tesuque Pueblo ta jihar New Mexico, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa wannan sa hannun kaɗai ya isa ya jawo NEPA.

Akwai inda ba haka ba. Dokar HEARTH ta 2012 ta ba ƙabilar da aka amince da ƙa'idojinta na haya damar ba da hayar ƙasarta ba tare da komawa BIA a kan kowace yarjejeniya ba. A nan tsarin tantance muhalli na ƙabilar ne ke aiki, da sanarwa ga jama'a da karɓar ra'ayinsu. Wannan dama ba ta shafi filin rabo ba, ba ta kuma shafi hayar ma'adinai ba. Haka nan idan ƙabila ta yi gini da kuɗinta a ƙasarta ba tare da neman amincewar kowa ba, NEPA da Sashe na 106 ba sa tashi. Amma dokokin kaburbura, na kayan tarihi, na ruwa da na dabbobin da ke neman ƙarewa suna nan daram.

Aikin gidaje ɗaya yakan haɗa hukumomi uku ko huɗu: ma'aikatar gidaje HUD ta biya kuɗin gini, hukumar lafiya IHS ta kawo ruwa da magudanar bayan gida, BIA ta amince da haya, wani lokaci ma'aikatar gona ta ba da rance. Kowacce tana da fom ɗinta. Ka tara su a zama ɗaya tun farko, a rubuta wadda za ta jagoranta, a kuma yarda cewa bincike ɗaya zai wadatar da kowa. In ba haka ba za ka biya masana sau biyu su taka fili ɗaya, saboda rahoton farko ya tsaya a bakin gida bai haɗa da layin bututu ba.

Kuɗin HUD yana da tarko na musamman. A ƙarƙashin dokar gidaje ta NAHASDA ta 1996, ƙabila tana iya ɗaukar nauyin tantancewar da kanta bisa ƙa'idojin da ake kira Kashi na 58, kuma jami'in da ya sa hannu ya amince ke nan a iya kai shi kotun tarayya a kan wannan aiki. Da zarar an nemi kuɗin, haramun ne a yi wani abu da zai ɗaure zaɓi kafin a gama tantancewa: sayen fili, rushe tsohon gini, share daji, ko sa hannu a kwangilar gini, ko da da kuɗin aljihu aka yi. Wanda ya yi gaggawar tura katafila don ya riga sanyi yana iya jawo wa aikin asarar tallafin baki ɗaya. Lissafin kwanakin kuwa haka yake idan an yi matsakaicin nazari, wato EA da za a bayyana a ƙasa: kwana 15 na sanarwa da jin ra'ayin jama'a, sai a miƙa fom mai lamba 7015.15 na neman sakin kuɗi, HUD ta jira wasu kwana 15 ko akwai mai ƙorafi, sannan ta ba da fom 7015.16. Kafin wannan takarda ta ƙarshe ta zo, shebur ba ya taɓa ƙasa.

Matakan NEPA

Uku ne. Na ƙasa shi ne rukunin ayyukan da hukuma ta riga ta ware cewa ba su cika yin illa ba. Misali BIA ta sa filin gidan iyali da bai wuce eka 5 ba a wannan rukuni, tare da hanyar shiga da layin wuta da ruwa, muddin bai taɓa wurin tarihi ko na al'ada ba. Lura da wannan sharaɗi na ƙarshe. Shiga rukunin sauƙi ba ya ɗauke Sashe na 106, kuma samun kufai ko sheƙar mikiya a filin yana iya fitar da aikin daga rukunin.

Na tsakiya shi ne nazarin da ake kira EA, wanda yawancin unguwannin gidaje, makarantu da gajerun hanyoyi ke faɗawa ciki. Gyaran dokar da aka yi a 2023 ya ƙayyade shi da shafi 75 da wa'adin shekara 1. Idan ya nuna babu babbar illa, sai hukuma ta fitar da takardar hakan. Na sama, EIS, na manyan ayyuka ne irin su ma'adinai da dogayen bututu: shafi 150, ko 300 idan aikin ya yi sarƙaƙiya ƙwarai, cikin shekara 2. A 2025 majalisar kula da ingancin muhalli ta fadar shugaban ƙasa ta janye ƙa'idojinta na gama-gari da aka yi aiki da su tun 1978, hukumomi suka koma kan tsarinsu na cikin gida. Saboda haka kada ka kwafi tsohon rahoto. Ka tambayi hukumar da ke jagora tsarin da take bi a yanzu.

Abin da ke kashe EA galibi bayanin aikin ne. A rubuta komai da zai taɓa ƙasa: harsashin gini, ramin bututu da zurfinsa, hanyar da manyan motoci za su bi, inda za a jibge kaya, ramin da za a ɗebo tsakuwa, da inda za a zubar da ƙasar da aka haƙo. Ramin tsakuwa da filin ajiye injuna su ne aka fi mantawa, domin ɗan kwangila ne ke zaɓarsu daga baya, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna.

Sashe na 106, inda aiki ya fi tsayawa

Gyaran da aka yi wa dokar adana wuraren tarihi a 1992 ya ba ƙabilu damar kafa jami'insu na adana tarihi, THPO, wanda ke maye gurbin jami'in jiha a ƙasar ƙabilar. Yanzu irin waɗannan ofisoshi sun haura 200. Inda babu shi, hukumar tarayya za ta tuntuɓi gwamnatin ƙabilar da jami'in jiha tare. Shi wannan gyaran ne kuma ya fayyace cewa wurin da ƙabila ke girmamawa ta fuskar addini da al'ada yana iya cancantar shiga rajistar wuraren tarihi ta ƙasa, ko da babu gini ko tsingaro a wurin.

Tuntuɓa a hukumance tsakanin gwamnati da gwamnati ake yin ta. Kamfani ko mai ba da shawara yana iya tattara bayanai da shirya takardu, amma ba shi ne gwamnati ba, kuma ƙabila tana da ikon ƙin zama da shi a madadin hukuma. Wasiƙar farko ta fito daga hukumar, zuwa ga shugaban ƙabila da THPO, ɗauke da taswira, hotuna, zurfin haƙa da ranar da ake son farawa. A kuma duba ko akwai wasu ƙabilu masu alaƙa da wurin, domin da yawa an taso su daga ƙasashensu a ƙarni na 19, ƙasar da wata ke zaune a yau tana iya zama maƙabartar kakannin wata. HUD tana da kundin intanet mai suna TDAT da ke nuna ƙabilun da ke da sha'awa a kowace gunduma.

Mataki na gaba shi ne shata yankin da aikin zai iya shafa. Wannan ya fi sawun ginin faɗi. Hasumiyar ruwa da za a hango daga tudun da ake addu'a, fitilar da za ta haska filin biki da dare, ƙarar injin niƙa dutse, ko shingen da zai tare hanyar zuwa inda ake ɗibar tsirran magani, duk suna cikin lissafi. A shata shi tare da THPO, kuma a ɗan yalwata shi, domin ƙara ƴan mitoci a yau ya fi arha a kan dawo da masu bincike idan injiniya ya karkata hanya.

Binciken kansa hawa uku ne. Na farko duba tsofaffin bayanai a ofishin THPO, na jiha da na BIA. Na biyu taka fili: masana binciken kufai su jera, galibi tazarar mita 15 tsakaninsu, suna duba ƙasa, inda ciyawa ta rufe kuma su haƙa ƙananan ramukan gwaji su tankaɗe ƙasar. Kafin su shiga sai sun karɓi izinin ƙabilar, kuma duk haƙa ko ɗaukar abin da ya kai shekara 100 yana bukatar lasisi a ƙarƙashin dokar kare kayan tarihi ta ARPA ta 1979, wanda ba a bayarwa a ƙasar ƙabila sai da yardarta. Dusar ƙanƙara tana hana wannan aiki gaba ɗaya, don haka a jihohin arewa wanda bai yi bincikensa kafin hunturu ba sai ya jira bazara, ya kuma rasa farkon lokacin gini. Tun ran gini ran zane.

Hawa na uku shi ne wanda baƙon masani ba zai iya yi shi kaɗai ba. Zoben duwatsu, tarin duwatsun addu'a, maɓuɓɓugar ruwa, bishiyar da aka ɓare da gangan, ko dutsen da ke cikin labarin asalin ƙabila, mai digiri yana iya wucewa ta kansu bai ga komai ba. Dattawa da masu binciken al'ada na ƙabilar ne ke gane su. A sa su cikin tawaga tun fitar farko, a kuma sa kuɗinsu a kasafi. Jin ra'ayin ƙabila haƙƙinta ne, amma idan ka ce ta turo mutane su taka fili su rubuta rahoto, aiki ka ba ta, kuma aiki biyansa ake yi. Yawancin ofisoshin THPO mutum ɗaya ne ko biyu da tarin takardu a gabansu, saboda haka fayil da ya zo a cike shi ke fita da wuri.

Kotuna sun daɗe da nuna cewa aika wasiƙa kawai ba tuntuɓa ba ce. A 1995, a ƙarar da Sandia Pueblo ta shigar kan kwarin Las Huertas, kotu ta ce hukumar gandun daji ba ta yi ƙoƙarin da ya kamata ba, domin ta nemi a zana mata wuraren ibada a taswira alhali an gaya mata al'adar mutanen ba ta yarda da bayyana su ba. A 2010 kuma wani alƙalin tarayya a Kalifoniya ya dakatar da babban aikin wutar hasken rana a kwarin Imperial bayan ƙorafin ƙabilar Quechan, duk da tulin wasiƙu da tarurrukan da gwamnati ta lissafa. Waɗannan ayyuka a ƙasar tarayya suke. A ƙasar ƙabila kanta ikon nata ya fi haka ƙarfi.

Batun sirri yana bukatar dabara. Sashe na 304 na dokar tarihi da Sashe na 9 na ARPA suna ba da damar ɓoye inda wuri yake, amma a 2001 Kotun Ƙoli, a shari'ar masu amfani da ruwan Klamath, ta ƙi yarda cewa takardun da ƙabilu suka aika wa ma'aikatar cikin gida sirrin ofis ne da dokar ƴancin samun bayanai ba za ta taɓa ba. Hanyar da ta fi aminci ita ce cikakken bayani ya zauna a ofishin ƙabila, hukuma da ɗan kwangila su karɓi taswira mai nuna inda ba a shiga kawai, ba tare da dalili ba. Kada rahoton da za a buga wa jama'a ya ɗauki lambobin da ke nuna ainihin inda wuri yake, domin masu tonon kufai su ma suna karanta irin waɗannan rahotanni.

Bayan bincike, hukuma za ta yanke ɗaya daga uku: babu wurin tarihi da abin ya shafa, akwai amma babu illa, ko akwai illa. THPO yana da kwana 30 ya amsa, kuma agogon ba ya fara bugawa sai takardu sun cika. Ƙa'ida ta yarda a ci gaba idan ya yi shiru, amma a ƙasar ƙabila wannan wauta ce, tunda sauran izinin da kake nema suna hannun gwamnatin da ka tsallake. Idan akwai illa, ana sanar da majalisar ba da shawara kan adana tarihi ta tarayya, wadda ke da kwana 15 ta ce ko za ta shiga, sannan a zauna a rubuta yarjejeniya. A ƙasar ƙabila ba a kammala wannan yarjejeniya sai da sa hannun THPO. Kaucewa ita ce zaɓin farko kuma mafi arha: matsar da gini, karkata bututu, ko huda ta ƙarƙashi. Tone wuri a kwashe kaya zuwa ɗakin ajiya yana gamsar da masani, amma ga ƙabilu da yawa shi kansa ɓarna ne. Wanda kuma ya yi tunanin share wurin da gangan kafin ya nemi izini, Sashe na 110(k) ya hana hukuma ba shi lasisi ko tallafi, sai in ta samu ƙwaƙƙwarar hujja.

Ruwa, dabbobi da abin da ke cikin ƙasa

Idan aikin zai tone eka 1 ko fiye, ko ƙasa da haka amma ɓangare ne na babban shiri, ana bukatar lasisin ruwan sama na wurin gini. A ƙasar ƙabilu hukumar muhalli ta tarayya EPA ce ke bayarwa a mafi yawan wurare, ba jiha ba, kuma ƴan kwangilar da suka saba da fom ɗin jiha sukan yi kuskure a nan. A rubuta shirin hana laka da mai gangarawa cikin rafi, a miƙa sanarwa aƙalla kwana 14 kafin fara haƙa, a bar tazarar ƙafa 50 ta ciyayi daga bakin ruwa ko a yi abin da zai maye gurbinta. Dubawa kuwa ko dai kowane kwana 7, ko kowane kwana 14 tare da ƙarin dubawa cikin awa 24 bayan ruwan da ya kai rubu'in inci.

Cike fadama, sa kwalbati ko ratsa rafi na bukatar izinin rundunar injiniyoyin soja a ƙarƙashin Sashe na 404 na dokar tsabtar ruwa. Izinin gama-gari na gidaje da na gine-ginen kasuwanci yana tsayawa a asarar rabin eka. Abin da ya wuce haka sai izini na musamman, mai cin watanni. Tare da shi akwai takardar shaidar ingancin ruwa ta Sashe na 401. Ƙabilar da ta samu matsayi irin na jiha bisa gyaran 1987 ita ke bayarwa, in ba haka ba EPA. Mizanin ƙabila yana iya fin na jiha tsauri: a 1996 kotu ta tabbatar da mizanin Isleta Pueblo a kan kogin Rio Grande, har birnin Albuquerque da ke sama da ita ya zama dole ya bi. Wurare da yawa a keɓaɓɓun yankuna ba su da taswirar ambaliya ta hukumar FEMA, kuma rashin taswira ba ya nufin ruwa ba ya kwanciya. A sa injiniyan ruwa ya lissafa, a kuma tambayi mazauna inda ruwa ya taɓa kaiwa.

Ga dabbobi, a ciro jerin nau'o'in da ke cikin haɗari daga manhajar IPaC ta hukumar kifi da namun daji. Jerin yana aiki kwana 90 ne. Idan aikin zai iya cutar da ɗayansu, cikakkiyar tuntuɓa tana cin kwana 90, da ƙarin 45 na rubuta hukunci, jimla 135. Lokacin shekara yana da tasiri: sare bishiya inda jemagu ke raino, ko aiki cikin kogi lokacin da kifin salmon ke hawa, an keɓe musu watanni. Jagorar 2007 kan mikiya mai farin kai ta ba da tazarar ƙafa 330 zuwa 660 daga sheƙa, gwargwadon aikin da yadda ake hango shi. Wasu ƙabilu suna da nasu jerin. A ƙasar Navajo, misali, ko filin gida ne sai an karɓi takardar cika sharaɗin halittu daga sashen kifi da namun daji na ƙabilar, da takardar cika sharaɗin al'ada daga sashen adana tarihinta.

Sai gurɓatar ƙasa. Binciken matakin farko yana duba tarihin filin: tsohon gidan mai, juji, tankin da aka binne, wurin wankan dabbobi da magani. Muhimman sassansa sukan tsufa bayan kwana 180, don haka kada a yi shi da wuri sosai. A ƙasar Navajo akwai tsofaffin ramukan yuraniyom sama da 500 da aka yi watsi da su, kuma an taɓa gina gidaje da duwatsu da ƙasar da aka kwaso daga irin waɗannan wurare, saboda haka a san asalin duk ƙasar cikon da za a kawo. Kafin rushe gini a duba asbestos, a sanar da hukuma kwana 10 na aiki kafin farawa, a kuma ɗauka cewa gidan da aka gina kafin 1978 yana iya samun fenti mai dalma. Injin kwalta ko na niƙa dutse da za a kafa na wucin gadi shi ma yana da nasa izinin hayaƙi.

Idan haƙa ta fito da wani abu

Komai kyan bincike, abin da ke ƙarƙashin ƙasa sai an haƙa ake ganinsa. Saboda haka a rubuta shirin abin da za a yi tun kafin a fara, a manna shi cikin kwangila, kowane direban injin ya ji shi da kunnensa a safiyar farko. Ya ƙunshi sunaye da lambobin waɗanda za a kira bi da bi, faɗin da'irar da za a tsayar da aiki, wadda ake sa ƙafa 50 zuwa 100 ko abin da ƙabila ta ce, da kuma wanda ke da ikon cewa a tsaya. Wannan ikon ya kasance a hannun mai sa ido na ƙabila da ke tsaye a bakin rami, ba sai ya nemi izinin shugaban leburori ba. Mai sa ido ɗaya ba zai iya bin injuna uku a wurare uku ba. A daidaita yawansu da yawan wuraren da ake haƙa a lokaci guda. A wurin da ake zargi, a yi amfani da bokitin haƙa marar haƙora, ana kankare ƙasa kaɗan-kaɗan.

Idan tsingaro, toka, ƙashin dabba da aka sarrafa ko jerin duwatsu ne suka fito, hukuma tana da awa 48 ta sanar da THPO da sauran masu ruwa da tsaki, su ma suna da awa 48 su amsa, kuma a ƙasar ƙabila ba a ci gaba sai da amincewarta.

Idan kuwa ƙasusuwan mutum ne ko kayan da aka binne tare da mamaci, dokar NAGPRA ta 1990 ce ke aiki, da sababbin ƙa'idojinta da suka fara aiki a Janairu 2024. A kashe injin nan take. Kada a taɓa, kada a ɗauki hoto, kada a ɗora a Facebook. A rufe wurin da kyau, a sa mai gadi, a kira jami'in ƙabila ta waya a lokacin, sannan a bi da rubutaccen bayani cikin awa 24. A sanar da ƴan sandan ƙabila ko na BIA domin a tabbatar ba sabon kisa ba ne. Dokar ta tanadi tsayawar kwana 30 daga ranar da aka tabbatar da karɓar sanarwa, kuma a ƙasar ƙabila ita ce ke yanke yadda za a yi da mamacin. Da yawa sukan zaɓi a bar shi inda yake a matsar da aikin. Ma'aikacin da ya sa tsohon tsingaro a aljihu don tunawa ya karya ARPA: laifin farko yana iya kaiwa tarar dala 10,000 da ɗaurin shekara 1, idan darajar abin da kuɗin gyaran ɓarnar sun wuce dala 500 kuma ya koma dala 20,000 da shekara 2.

Kwangilar ta faɗi wanda zai ɗauki asarar kwanakin da injuna suka tsaya, ta kuma ba ɗan kwangila damar komawa wani sashen filin da aka riga aka tantance. Ta haɗa da sharuɗɗan ofishin TERO na ƙabilar, wanda ke karɓar wani kaso na kuɗin kwangila ya kuma tilasta fifita ƴan ƙabila wajen ɗaukar ma'aikata. Duk alkawarin da aka yi a EA ko a yarjejeniyar Sashe na 106, na shinge ne, na watannin hana aiki ko na masu sa ido, a kwafe shi cikin zanen gini da takardar farashi, domin direban katafila ba ya karanta rahoton muhalli. Idan zane ya canja bayan an sa hannu, ko da layin bututu ne ya matsa ƙafa 30 zuwa wajen yankin da aka bincika, a tsayar da wannan sashen a koma wurin THPO da hukumar da ke jagora kafin a haƙa.